Baba ya fi son likitanci, ni kuwa kimiyyar ƙwaƙwalwa ce a raina

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 18, na kammala sakandare a ɓangaren kimiyya. Na nemi likitanci amma makina bai kai ba, sai wata jami'a ta ba ni gurbin digirin farko a kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ƙanena yana fama da farfaɗiya tun yana ƙarami, kuma tun ranar da na ga an manna masa wayoyi a kai ana auna aikin ƙwaƙwalwarsa nake jin babu abin da nake son sani kamar wannan. Baba ya ce ko dai in haƙura in sake neman likitanci baɗi, ko in karɓi gurbin harhaɗa magunguna da wata jami'ar ta ba ni, domin shi bai san aikin da ake samu da wannan karatu ba. Mama kuma tana ta faɗa wa dangi cewa zan zama likitar ƙwaƙwalwa in warkar da ƙanena, ni kuwa na kasa gyara mata. Ga shi ban taɓa zama gwanar lissafi ba. Saura makonni kaɗan a rufe karɓar amsa, kuma ba na son saɓa wa Baba. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya ba ƙanenki lafiya, Ya kuma yi miki zaɓin alheri. Na ji daɗin yadda kika kawo maganar Baba da ta Mama ba tare da kin ɗora wa ɗayansu laifi ba, domin kowannensu yana magana ne daga ƙaunar da yake yi miki. Zan fara da abin da kika ce kin kasa gyara wa Mama, saboda a nan ne tushen ruɗanin yake, kuma ina zaton ke kanki ba ki gama warware shi a zuciyarki ba.

Digirin farko a kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba ya ba mutum lasisin duba marar lafiya, ko rubuta magani, ko yin tiyata. Likitan da ke duba ƙanenki, da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, da likitan taɓin hankali, dukkansu makarantar likitanci suka fara yi, sannan suka ƙara wasu shekaru na ƙwarewa a asibiti. Abin da ke ruɗa ɗalibai da yawa shi ne tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka ba a shiga likitanci sai bayan digirin farko da jarrabawar shiga makarantar likitanci da ake kira MCAT, shi ya sa ɗalibai da dama a can suke ɗaukar kimiyyar ƙwaƙwalwa a matsayin matakin da zai kai su likitanci. A Birtaniya da ƙasashen da suka bi tsarinta kuwa, yawanci daga sakandare ake shiga kai tsaye, kuma ko da yake wasu jami'o'in suna da tsarin shekara 4 na masu digiri, gurabensa kaɗan ne kuma gasar tana da zafi. Saboda haka kada ki karɓi wannan gurbi bisa jita-jitar cewa ai daga baya za a mayar da ke likitanci. Ki je ofishin ɗaukar ɗalibai ki tambaya ko akwai wannan hanyar, da sharuɗɗanta, da ɗalibai nawa suka bi ta a shekarun baya, kuma ki nemi a nuna miki a rubuce.

To mene ne karatun kansa? Shekarar farko, wani lokacin har da rabin ta biyu, da ƙyar za ki ji ana ambaton ƙwaƙwalwa. Kemistiri ne, da fiziks, da nazarin ƙwayoyin halitta, da lissafi, kuma a nan ne waɗanda suka shigo da zumuɗin jin sirrin tunani da mafarki suke fara sarewa. Dalilin wannan shimfiɗa kuwa a bayyane yake. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ɗaya tana aika saƙo ne da ɗan guntun lantarki wanda shige da ficen sinadaran sodiyam da fotasiyam ta fatar ƙwayar yake haifarwa. Wanda bai san yadda sinadarai masu caji suke tafiya ba, ba zai fahimci ko saƙo guda ba, balle ya fahimci abin da ke faruwa idan dubban ƙwayoyi suka tashi da harbi a lokaci ɗaya ba bisa ƙa'ida ba, wanda shi ne abin da ke faruwa lokacin da farfaɗiya ta kama ƙanenki.

Bari in nuna miki yadda aka gano wannan, domin labarin zai gaya miki irin mutanen da fagen yake nema. Alan Hodgkin da Andrew Huxley sun yi aikinsu a wata cibiyar binciken halittun teku da ke Plymouth a Ingila, suna amfani da jijiyar wata dabbar teku mai suna sikwid, jijiyar da kaurinta yakan kusa milimita ɗaya, har ana iya zura siririyar waya a cikinta. Sun auna yadda lantarkin yake hawa da sauka, sannan suka rubuta shi cikin ƙa'idojin lissafi, Huxley kuma ya warware lissafin da wata na'ura da ake juyawa da hannu. Sun wallafa sakamakon a 1952, suka sami kyautar Nobel a 1963, kuma har yau babu ɗalibin wannan fage da zai gama digiri bai haɗu da waɗannan ƙa'idoji ba. Ki lura cewa babu marar lafiya ko ɗaya a cikin ɗakin da aka yi wannan aiki, amma fahimtar yadda wasu magungunan farfaɗiya suke rage harbin jijiya ta hanyar toshe mashigar sodiyam a kan wannan tushe ta tsaya. Haka amfanin wannan ilimi yake isa ga majinyaci, ta doguwar hanya, sau da yawa bayan shekaru masu yawa, kuma ta hannun wasu mutanen daban.

Daga matakin ƙwaya ɗaya karatun yakan hau zuwa yadda ƙwayoyi ke haɗuwa su samar da gani da ji da motsi da tunawa. Za ki karanta Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya, wanda ya yi amfani da rinin azurfa da Camillo Golgi na Italiya ya ƙirƙira ya nuna cewa ƙwayoyin jijiya rarrabe suke, ba saƙa guda ba ce, har aka haɗa su biyun a kyautar Nobel ta 1906 duk da saɓanin da ke tsakaninsu a kan wannan batu. Za ki karanta labarin Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya mai tsanani aka cire masa mafi yawan wani sashe na can ciki da ake kira hifokamfus a ɓangarorin ƙwaƙwalwarsa biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma ya daina riƙe sababbin abubuwan da suka faru da shi. Wata mai bincike mai suna Brenda Milner ta sa shi yana bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi, sai ta ga kullum hannun yana ƙara gwanancewa alhali shi bai tuna ya taɓa yin aikin ba, daga nan aka gane cewa tunawa iri-iri ce kuma ba wuri ɗaya take zaune ba. Kada wannan labari ya tsorata ki game da ƙanenki, domin darasin da aka koya daga gare shi ne ya sa ba a yin irin wannan tiyata ta ɓangarori biyu a yau.

A matsayin digirin farko mai zaman kansa, fagen bai daɗe ba. Kwalejin Amherst ce ta fara buɗe shi a Amurka a 1973, kuma har yanzu jami'o'i ba su daidaita a kan tsari guda ba. Wata ta ajiye shi ƙarƙashin sashen nazarin halayyar ɗan Adam, wata ƙarƙashin nazarin aikin gaɓoɓin jiki, wata kuma ta karkata shi zuwa kwamfuta da lissafi, don haka suna ɗaya kan ɗauki karatu iri uku. Ki nemi jerin kwasa-kwasan dukkan shekarun ki karanta su ɗaya bayan ɗaya. Abin da na fi so ki bincika shi ne ko akwai ɗakin gwaje-gwaje mai aiki, ko malaman sashen suna wallafa bincike a 'yan shekarun nan, da kuma ko ɗalibin shekarar ƙarshe yana yin nasa binciken da hannunsa. A ganina digirin kimiyyar ƙwaƙwalwa da aka yi shi a kan allo kawai ya rasa rabin darajarsa, kuma idan haka jami'ar take, wannan kaɗai ya isa ya sa ki karkata ga shawarar Baba.

Yanzu ga tambayar da nake so ki zauna da ita ke kaɗai. Ki kwatanta ranar aiki iri biyu. A ta farko kina ɗakin gwaje-gwaje tun safe, kin yanka ƙwaƙwalwar ɓera sala-sala har ta fi takarda siranta, kin rina ta, kin zauna gaban madubin hangen ƙananan halittu kina ƙirga ƙwayoyi har wuyanki ya ƙage, da yamma kuma kika gano rinin bai kama ba, aikin mako guda ya tafi, gobe sai a sake. Ko kuma kin wuni gaban kwamfuta kina tace bayanan na'urar EEG, irin wadda aka manna wa ƙanenki, kina cire hayaniyar da ƙiftawar ido da motsin muƙamuƙi suka jefa a ciki. A ta biyu kuwa mutane ne a layi, uwa ta shigo da ɗanta a tsorace, kin saurare ta, kin duba shi, kin sauya masa magani, ta fita da ɗan kwanciyar hankali, na gaba ya shigo. Wace rana ce idan kika yi tunanin maimaita ta shekara 20 ba ki jin nauyi a ƙirjinki? Wasiƙarki ta ce abin da kike so shi ne ki sani, wannan kuwa harshen mai bincike ne, amma ta kuma nuna cewa likitanci kika fara nema, shi ya sa ban yanke miki hukunci ba. Ki kuma tambayi kanki ko za ki iya aiki da dabbobi, domin ɓera da ƙuda da kifi da tsutsa su ne abokan aikin yawancin masu binciken jijiya, kuma akwai ɗaliban da sai sun shiga suke gane zuciyarsu ba za ta ɗauka ba.

Batun lissafi ba zan rage miki shi ba, domin ana buƙatarsa. Sai dai akwai bambanci tsakanin wadda ba ta sami kyakkyawan tushe ba da wadda ta tsani lissafin gaba ɗaya, kuma ta farkon tana gyaruwa. Abin da zai fi bin ki a kullum shi ne ilimin ƙididdiga, wato yadda ake gane ko bambancin da aka gani tsakanin rukuni biyu na gaske ne ko dace ne kawai, sai kuma rubuta umarnin kwamfuta da harsuna irin su Python ko R ko MATLAB. Ki yi wa kanki gwaji a makonnin da suka rage. Ki ware awa ɗaya kullum ga darussan farko na Python da na ƙididdiga, akwai su kyauta a intanet, ki ga ko bayan kin sha wuya a kan matsala ta warware kina jin marmarin ta gaba. Idan kina ji, raunin da kike tsoro ba zai hana ki ba.

Tambayar Baba tambaya ce ta mai hankali, kuma ba na son ki ɗauke ta a matsayin rashin fahimta. Likitanci da harhaɗa magunguna da aikin jinya karatu ne da ke ɗauke da sunan sana'arsu, wanda ya gama ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kimiyyar ƙwaƙwalwa ba haka take ba, domin ayyukan da ke neman mai digirin farko a wannan fage kaɗai ba su da yawa. Wanda yake son zama mai bincike sai ya ƙara digiri na biyu da digirin digirgir, wanda a Birtaniya yakan ci shekara 3 zuwa 4, a Amurka kuma 5 zuwa 6, sannan sau da yawa a biyo da wasu shekaru na aikin kwantiragi kafin a sami kujera tabbatacciya. Sauƙin da ke ciki shi ne a jami'o'i da dama na waɗannan ƙasashe ana biya wa ɗalibin digirgir a kimiyya kuɗin makaranta har da alawus, amma sai wanda ya fito da sakamako mai kyau da shaidar ya taɓa yin bincike. Waɗanda ba su bi wannan hanya ba sukan shiga aikin taimaka wa masu bincike, ko kula da gwajin sababbin magunguna, ko kamfanonin magani da na'urorin asibiti, ko koyarwa, ko nazarin bayanai a wuraren da ba ruwansu da ƙwaƙwalwa, kuma abin da ke buɗe musu wannan ƙofa ta ƙarshe shi ne ƙididdigar da kwamfutar da na ambata. Yawan waɗannan damammaki ya danganta ƙwarai da inda mutum yake zaune, don haka ki nemo mutum biyu ko uku da suka gama wannan digiri a wannan jami'ar ki ji inda suke yanzu. Amsarsu ta fi duk abin da aka rubuta a takardar tallar sashen.

Akwai kuma abin da zai rage miki jin cewa idan kika saki wannan gurbi kin rabu da ƙwaƙwalwa har abada. Yawancin manyan fagen ba da wannan digiri suka fara ba. Eric Kandel, wanda ya sami Nobel a 2000 kan yadda tunawa ke kafuwa a mahaɗar jijiyoyi, tarihi da adabi ya karanta a Harvard kafin ya yi likitanci. Brenda Milner da lissafi ta fara a Cambridge sannan ta koma nazarin halayyar ɗan Adam. May-Britt Moser da Edvard Moser, waɗanda suka raba Nobel ta 2014 da John O'Keefe kan ƙwayoyin da ke sanar da mu inda muke, su ma halayyar ɗan Adam suka karanta a Oslo. Gurbin harhaɗa magunguna da ke hannunki ba ƙaramin abu ba ne a wannan fuska, domin nazarin yadda magani ke aiki a jijiya reshe ne babba na kimiyyar ƙwaƙwalwa, kuma mai wannan digiri yana iya shiga binciken farfaɗiya a digiri na biyu yana riƙe da lasisin sana'a a hannu. Zaɓin da na fi jin tsoronsa shi ne zaman jiran likitanci shekara guda ba tare da wani shiri na ɗaga makin ba, saboda gurabe biyu ne za ki saki don wanda babu tabbacinsa.

Game da ƙanenki, 'yata, ina so ki sauke wani kaya da na ga kin ɗauka. Ƙaunarsa ce ta buɗe miki ido ga wannan ilimi, kuma wannan abin alfahari ne, amma warkewarsa ba ta rataya a kan digirinki ba, kuma bai dace yarinya mai shekarunki ta shiga jami'a da wannan alkawari a wuyanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan aka gano cutar daidai aka ba su maganin da ya dace. Abin da zai amfane shi yanzu yana hannunku tun yau: shan magani a kan lokaci ba tsallake, isasshen barci, komawa wurin likitansa, da rubuta ranar da abin ya tashi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Idan ta kama shi a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada a tura masa komai a baki, idan kuma ta wuce minti 5 a garzaya asibiti.

Mama ki same ta ku biyu, a lokacin da hankalinta yake kwance, kafin maganar ta ƙara yaɗuwa a dangi. Ki ce mata, Mama, karatun da aka ba ni na masu binciken yadda ciwon ƙanena yake faruwa ne da yadda ake samo magungunansa, ba na likitan da ke duba shi ba. Wataƙila ta ɗan yi shiru, domin fata ce ta uwa take sauyawa, amma jin gaskiya daga bakinki yau ya fi mata sauƙi a kan ta ji ta daga wani bayan shekara 4.

Wurin Baba kuwa kada ki je da kuka ko da cewa ai shi kike so kawai. Ki je masa da takarda a hannu, wadda ke ɗauke da jerin kwasa-kwasan, da amsar ofishin ɗaukar ɗalibai, da inda waɗanda suka gama suke aiki, da shekarun da kowace hanya za ta ci, ki kuma fara da gaya masa cewa tambayarsa ce ta sa kika yi wannan bincike. Idan akwai malaminki na sakandare ko wani babba da Baba yake jin maganarsa kuma ya san harkar jami'a, ki roƙi a zauna tare da shi. Ki shiga zaman da niyyar cewa ke ma za a iya shawo kanki, domin shi ne zai ɗauki nauyin karatun, kuma yana da haƙƙin ya san inda hanyar ta nufa.

Idan kika ce in faɗi inda na karkata, ga shi. Matuƙar ranar asibiti ce ta fi kwanta miki, kada ki karɓi wannan gurbi don ya zama madadin likitanci, domin za ki yi shekaru kina leƙen tagar wani ajin. Ki tsara shekarar sake jarrabawa da malami da jadawali, ko ki duba sauran fannonin da ke haɗa mutum da majinyaci. Idan ranar ɗakin gwaje-gwaje ce ta ja ki, kuma sashen yana da kayan aiki da malamai masu bincike, kuma kin amince da doguwar tafiyar da ke bayan digirin farko, ki karɓa da yardar Baba, ki nemi shiga ɗakin binciken wani malami tun daga shekara ta biyu ko da wanke kwalabe za ki fara da shi. Idan kuwa sashen ya kasa amsa tambayoyinki, ko Baba ya saurare ki sosai amma hankalinsa bai kwanta ba, ki karɓi harhaɗa magunguna da zuciya ɗaya, ki ba kwasa-kwasan aikin magani a jijiya kulawa ta musamman, ki kuma zaɓi binciken shekararki ta ƙarshe a kan magungunan farfaɗiya. Ki fara da zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai a wannan makon, domin sauran matakan duk suna jiran amsar da za su ba ki.